Bari London Ta Gama

Duk wanda ya taɓa ɗaura agogo a hannu a garin Lafia ya san Malam Babandi mai gyaran agogo. Shagonsa ba wani shago ba ne, zauren gidansa ne aka fasa wa taga aka sa tebur, da akwatin gilashi cike da matattun agogai waɗanda masu su suka manta da su. A waje akwai benci biyu na 'yan majalisa. A ƙarshen teburin kuwa, inda hannun kowa ba ya kaiwa, nan rediyonsa yake zaune cikin rigar fata da baduku ya ɗinka masa daidai jikinsa. Mutumin da kansa riga uku gare shi, amma rediyon bai taɓa kwana tsirara ba.

Matarsa Daso 'yar Kwandere ce, kuma da son ranta ta aure shi. A lokacin gani take yi ta tsinci dami a kala, ga mutumin da ya san ƙarfe nawa ne a kowace ƙasa ta duniya. Ba ta yi wata guda a gidan ba ta gane cewa yinin gidan nan ba rana ce take raba shi ba, London ce. Shida da rabi na safe akwai shiri. Uku saura kwata na rana akwai shiri. Bayan isha'i akwai na ƙarshe. Da agogon London ya buga, Babandi zai saita duk agogon da yake motsi a shagon, sannan ya ɗora yatsa a baki. Daga nan har a yi sallama, doka ɗaya ce a gidan: ba magana, ba daka, ba ƙarar kwano. In Daso ta ɗaga taɓarya sama London ta fara, to a hankali za ta sauke ta ƙasa. 'Yarsu ɗaya tilo, Afra'u, tun tana goye ta koyi haɗiye kuka na rabin awa.

Babandi ba labarai kaɗai yake jira ba. A ƙarshen shirin rana akan karanta wasiƙun masu sauraro, biyu ko uku, kuma wannan ne abin da yake so a duniya. Yana so rana ɗaya, sau ɗaya tak, a kira sunansa daga London duniya ta ji. Kowace Litinin zai zauna da takardar jirgi mai ruwan bula, ya gyara tabarau, ya rubuta ra'ayinsa a kan yaƙi ko tsadar taki ko tarbiyyar yaran zamani, ya kai gidan waya da ƙafarsa. Tun 1987 yake yi. An karanta wasiƙar mutumin Agadas, an karanta ta Garwa, an karanta ta Kumasi. Ranar da aka karanta ta wani tela a Doma, nan kusa da hancinsa, Babandi bai ci abincin rana ba.

'Yan majalisa sun san wannan ciwon, kuma ba abin da ɗan majalisa yake so irin ya san inda yake yi wa mutum ƙaiƙayi. Shugabansu a wannan fanni shi ne Lukman mai faci, mutum mai faɗin baki da dariya kamar ana zazzage buhun gyaɗa.

A cikin Agustan 1998 Innar Daso ta kwanta. Daso ta yi kwana huɗu tana roƙo kafin Babandi ya yarda zai kai ta Kwandere a babur, da sharaɗin ƙarfe ɗaya ta yi musu a gida. Ruwa bai san da sharaɗin ba. Aka tsuge tun sha biyu, ba su dawo ba sai bayan la'asar. Babandi bai ko kafe babur ɗin ba Lukman ya taso da hannu biyu a ka.

"Malam! Ina ka shiga? Kai, yau ka yi asara! London ta kira ka!"

"Wa?"

"Kai mana! Babandi Musaddiƙu, Lafia. Wallahi sau biyu ma aka faɗa. Ku gaya masa!"

Sauran suka gyaɗa kai, kowa yana kallon ƙasa don kada dariya ta ƙwace. Daso tana tsaye a bakin zaure, mayafinta yana ɗigar ruwa, ta ga fuskar mijinta ta yi fari ta koma toka. Da suka shiga ciki bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. Zama ya yi a kan turmi ya dube ta.

"Shekara goma sha ɗaya ina jiran minti ɗaya," ya ce. "Kin cinye mini shi a kan ciwon tsufa. To ki ji da kyau. Daga yau ko gidanku ne yake ci da wuta, sai London ta gama."

Ta ɗauka zafin rai ne, irin maganar da akan faɗa a manta. Ta ba shi haƙuri, har da durƙusawa, a kan laifin da ba ta san ta yi ba.

Bayan kwana goma sha shida, ranar wata Laraba, tana tsakar gida tana tsinke rama. London ta fara, ta rage motsin hannu kamar kullum. Ta ji wata baƙuwar murya a zaure, ta ji ta yi shiru. Ta saurari shirin kaf ta bayan bango, da labarai da rahotanni da wasiƙu uku, babu ta Babandi. Sai da aka yi sallama, uku da kwata, ya leƙo.

"Ɗauko mayafinki. Jikin Inna ne."

Tun daga bakin gari ta jiyo kukan mata. Da ta shiga ɗakin, gwaggonta ta riƙe ta tana cewa, "Yanzun nan, Daso, yanzun nan. Ko kwata ba a yi ba. Tun azahar take tambaya ko kin iso." Daso ta kama hannun uwarta. Da ɗuminsa, kamar hannun mai barci. Ta yi ta kiranta da yarensu, tana cewa ga ta ta zo. Aka janye ta don za a yi wanka.

Ranar sadakar uku gaskiya ta fito, kuma ba da niyyar tona asiri ba. Torkula, wani Tibi da gonar doyarsa take iyaka da ta Inna, shi aka aika Lafia a keke ranar. Ya zo gaisuwa ya tsuguna daga nesa, yana murza hularsa.

"Daso, ka yi haƙuri, ba laifina ba. Na zo da wuri fa. Uku saura minti ashirin ina ƙofar gidanku, agogo da yawa a wurin, na gani. Na ce Malam, Mama ya ce a kira Daso yanzu-yanzu. Malam ya yi haka." Ya ɗora yatsa a baki. "Ya ce zauna, bari London ya gama. Sau biyu na tashi. Amma gidan ba a shiga, ni namiji, ni baƙo. Yaya zan yi?"

Daso ta yi lissafin da ko wanda bai taɓa ɗaura agogo ba zai iya yi. Minti talatin da biyar mutumin nan yana zaune a benci da saƙon uwarta a bakinsa, ita kuma tana taku goma daga shi tana tsinke rama a hankali don kada ta yi ƙara. Wannan ne ya fi ci mata rai, wato a hankali take tsinkar. Ta ce wa Torkula ba komai, Allah Ya saka masa da alheri. Ga Babandi kuwa ba ta ce uffan ba, a ranar ko a bayanta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kafin arba'in ɗin Inna wani ɗan majalisa ya yi suɓutar baki, Babandi ya gano ba a taɓa kiran sunansa ba. Ya yi sati biyu ba ya amsa gaisuwar Lukman, sannan suka shirya, domin mai labari ba ya iya zama ba masu saurare. Wanda duk yake da kunya a idonsa da ya shiga gida ranar ya ce wa matarsa ta yafe masa. Babandi ya shiga ya ce ta ƙara gishiri a miya.

Wasan kuwa bai mutu ba, yaɗuwa ya yi. Duk ranar da Babandi ya je jana'iza ko gidan waya ya makara, kafin ya iso an shirya masa. Tun yana ɗan tsayawa da fatan ko gaskiya ne, har ya koma tsaki kawai. Daga majalisa abin ya shiga kasuwa, daga kasuwa ya shiga tasha. Mai nama zai ce, "Malam, jiya na ji ka a London." 'Yan acaɓa in sun wuce sai su yi oda su ce, "An karanta!" Mutumin da bai taɓa ganinsa ba ma, in aka nuna masa shi, abin da zai fara faɗa ke nan. A garin Lafia kaf ba sauran bakin da Babandi zai gaskata a kan wannan magana, sai ɗaya. Ya sha faɗa a majalisa, da alfahari kamar shi ya ƙera ta, cewa iyalinsa ba ta iya ƙarya ba.

Shekaru suka ja. Afra'u ta yi aure a Azuba. Wayar salula ta shigo, kowa ya koma duba lokaci a waya, teburin Babandi ya zama wurin kwanan ƙura. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Wayar da ta cinye sana'ar agogo ta juya kan wasiƙu, a London ma saƙon tes aka fi karantawa, wasiƙar takarda sai jefi-jefi. Babandi ya ce shi ba zai aika wa London magana da babban yatsa kamar mai kashe ƙwarƙwata ba. Ya ci gaba da takardar jirginsa.

A watan Yulin 2006 ƙabar da ya daɗe yana ɓoyewa ta kayar da shi. Likita ya ce sai aiki. An sa safiyar Talata, amma layi ya yi tsawo, ba a zo ɗaukarsa ba sai ƙarfe biyu. Yana kan gadon turawa, abin da yake damunsa ba wuƙa ba ce. Ya miƙo wa Daso rediyon da hannu biyu.

"Na saita shi, kada ki taɓa komai sai wannan maɓallin. Ki ja eriya har ƙarshe. Ki saurara mini, musamman wasiƙu. Kin ji ko?"

Shekara ashirin da bakwai a gidan, ranar ta fara riƙe shi. Ta yi mamakin rashin nauyinsa. Ta zauna a barandar asibitin tsakanin masu jinya da kwanukansu, hadari yana haɗuwa ta gabas, ta kunna uku saura kwata daidai. Mai gabatarwa ya buɗe da cewa yau ana zabga zafi a London, Turawa sun cika wuraren shaƙatawa suna ta ƙorafi, rana kuma ba za ta faɗi ba sai wajen tara. Wata mata a gefenta ta ce su zo Lafia a watan Maris su ga zafi. Aka yi labarai, aka yi rahoto a kan farashin hatsi, aka yi hira da wani likitan dabbobi. Sannan muryar ta ce ga wasiƙa guda ta takarda, irin wadda aka daɗe ba a gani ba.

"Daga Babandi Musaddiƙu mai gyaran agogo, Lafia, Jihar Nasarawa a Najeriya."

Daso ta rungume rediyon. Gaskiya ita ce a wannan daƙiƙar murna ta yi masa, har ta yunƙura kamar za ta ruga ɗakin aikin. Sai muryar ta ci gaba.

"Yana cewa, ina kira ga hukumomi su dubi hanyoyin ƙauyukanmu da idon rahama. Ni ganau ne ba jiyau ba. Shekarun baya surukata tana gargarar mutuwa a Kwandere, da jin saƙo na ɗauko iyalina a guje, amma lalacewar hanya ta hana 'ya yin ban kwana da mahaifiyarta. Har yau in na tuna sai na zubar da hawaye. Allah Sarki, Malam Babandi. Allah Ya jiƙanta, Ya saka maka."

Daso ta koma ta zauna. Hanyar nan ranar lafiya lau take, ko sau ɗaya bai sauke ƙafa daga babur ba. Ashe bai manta ba. Shekara takwas tana ba shi uzurin cewa ƙila bai san abin da ya yi ba, ashe ya sani sarai, ya ajiye abin ne har ya sami inda zai yi masa amfani. Ya gwada yaƙi, ya gwada taki, ba su karɓu ba, sai ya ɗauki gawar uwarta ya sa a ambulan ya manna kan sarki. Kuma ta karɓu. Daga Agadas har Kumasi yanzu ana tausaya wa Babandi. Ta kashe rediyon, ta mayar da eriyar gaɓa-gaɓa.

Washegari da hantsi 'yan majalisa suka cika ɗakin, Lukman a gaba, ko sannu da jiki bai tsaya yi ba.

"Malam, an karanta! Wallahi tallahi wannan karon an karanta! Maganar hanyar Kwandere!"

Babandi ya rufe ido. "Ko a gadon asibiti, Lukman? Ba ka tsoron Allah?"

"Na rantse da Alƙur'ani!"

"Wancan karon ma ka rantse. Maganar hanya kuwa a gabanku na rubuta ta, har na karanta muku."

Suka yi ta rantsuwa, su biyar, kowa yana katse kowa. Lukman har idonsa ya kawo ruwa, domin a karo na farko a rayuwarsa yana ɗauke da gaskiya mai daɗi kuma ba mai saye. Ya juya wajen Daso. "Hajiya, ke kika riƙe rediyon. Don Allah gaya masa."

Babandi ya buɗe ido ya dube ta. Duk taurin kan nan ya zube, fuskarsa ta koma ta mai roƙo. "Daso, ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Sun kira ni?"

Tana zuba masa kunu a kofi. Ba ta zubar da ko ɗigo ba.

"Na saurara tun daga farko har sallama, Malam. Ba su kira ka ba."

Lukman ya dube ta, ita ma ta dube shi, kuma shi ya fara kawar da kai, domin yana kan bencin nan ranar da Torkula ya zo, yana kallo bai ce komai ba. Babandi ya juya fuska bango ya ce su fita.

Ana cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Daso ba ta taɓa jin ta yi ibada ba, kuma ba ta taɓa jin daɗi ba. Abin da ta ji kawai shi ne yanzu su biyu ne a gidan kowa da abin da ya binne. Ta ci gaba da yi masa tuwo, tana wanke masa riguna ukun nan. Majalisa ta watse, don bai sake barin Lukman ya zauna masa a benci ba. Da ƙafafunsa suka gaza, ita take kai masa wasiƙar Litinin gidan waya, kuma ba ta taɓa yar da ko ɗaya ba. Ba a sake karantawa ba.

A daminar 2010 ya kwanta kwanciyar da kowa ya san ba ta tashi ba ce. Rediyon ya dawo gefen matashinsa, Daso ce mai kunnawa. Wata Alhamis da rana, Afra'u ta tafi kantin magani, su biyu kaɗai ne a ɗakin. Numfashinsa ya canza tun azahar, yana ja yana tsayawa. Daso ta yi jinyar tsofaffi da yawa, ta san wannan numfashin. Uku saura kwata ta ja eriya ta kunna. Agogon London ya buga, sai ta ji ya kamo bakin zanenta.

"Daso." Da ƙyar muryar take fita. "Ranar nan a asibiti. Lukman ya yi kuka. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba." Ya huta. "Don girman Allah. Sun kira ni?"

Ta dube shi. Kalma ɗaya ce, kuma tana kan harshenta, ta ma san za ta faɗa. Ta ɗora yatsa a baki.

"Bari London ta gama, Malam."

Ta zauna ta saurari shirin kaf, hannuwanta a cinya. Aka yi labarai, aka yi rahotanni, aka karanta saƙonnin waya. Uku da 'yan mintoci hannun da yake riƙe da zanenta ya saki, ba ta waiwaya ba. Sai da aka yi sallama, uku da kwata, ta kashe rediyon, ta mayar da eriyar, ta sunkuya daidai kunnensa.

"Sun kira ka, Malam. Babandi Musaddiƙu mai gyaran agogo, Lafia, Jihar Nasarawa. Har addu'a suka yi maka."

Ta kama hannunsa. Da ɗuminsa, ko kwata ba a yi ba.